Jan Ulun Mayafin Ittu

Tagzut ta Tudu, 4 ga Yuli, 1983

Zuwa ga ƙanwata Tuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na masaƙa a Kasabalanka. Gwaggo Hadda ta ce in rubuta miki cewa ba ta gaishe ki, amma sau uku tana tambaya ko na sa sunanta a takardar.

Dalilin wasiƙar nan Baba ne. Yau kwana goma sha biyu da aka tsince shi kwance a bakin tafki, sandarsa ta kamun kifi na hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Likita ya ce babu abin da ya rage sai kulawa da abinci, kuma abincin ne ya ƙi. Kullum bayan sallar asuba sai ya ja jiki zuwa bakin ƙofa, ya dinga nuna sandar da hannun hagu, yana nuna ni, yana nuna tafki.

Kin san ni da kamun kifi. Allo da alli na sani, su nake ci da su. Amma na ɗauki sandar, na je farin dutsen nan da yake tsayawa a kai shekara talatin, a gefen tsohuwar maƙabartar da ruwan madatsa ya cinye. A cikin gwangwaninsa na taba na sami ƙuda uku kacal, su ne ƙarshen ulun da ya tara, irin waɗanda yake ɗaurawa da jan ulu da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Ran farko Allah ya taimake ni, wani kifin karf, irin manyan nan masu tonon laka, ya haɗiye ɗaya, na jawo shi, na sake shi a wurin kamar yadda Baba yake yi. Da na dawo gida ya kama hannuna ya sunsuna, ya ci buredi da man zaitun, har ya sha shayi kofi biyu.

Ƙudan farko ya wargaje a bakin kifin nan, na biyu ya maƙale a dutse. Na uku wani babban kifi ya tsinke zare ya tafi da shi. Tun ranar, in na dawo ya sunsuna hannuna sai ya juya fuska bango. Na sayi kifi wurin masu koma na shafa a hannu don in yaudare shi. Ya dube ni da idon nan nasa na hagu har na ji kunyar kaina.

Fari ya yi tsanani bana. Tafki ya ja baya yadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, katangun tsohon ƙauye sun fara fitowa, har murhun gasa buredi na wani gida na gani da tokarsa. Kifayen kuwa sun taru a kan tsohuwar maƙabarta, kawunansu a laka, wutsiyoyi a sama, suna tono. Ba na son kallonsu, ban kuma san dalili ba.

Ke ce kika zauna gefensa kina yarinya kina miƙa masa zare. Ina roƙon ki abu biyu. Ki rubuto mini yadda ake ɗaura ƙudan da yadda ake jefa shi. Sannan ki yanko mini ko kamu ɗaya na jan ulun mayafin mahaifiyarmu da kika tafi da shi. Na san abin da nake roƙo, shi ya sa na bar shi a ƙarshe.

Wassalam. Yayanki,
Bassu

*

Kasabalanka, 15 ga Yuli, 1983

Dadda Bassu,

Wa alaikas salam, yayana. Na sami takardarka, na karanta ta a tsaye a bakin masaƙa. Allah ya ba Baba lafiya. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce mata ni ma ban gaishe ta ba.

Malam guda, kana koya wa yara lissafi, kifi ya cinye maka ƙuda uku a sati ɗaya. To saurara.

Ƙugiya ƙarama za ka nema, ka danne 'yar ƙayar da ke bakinta da filaya don ta fita ba ta yaga leɓen kifi ba. Ka ɗaura ƙwaya biyu na siririyar sarƙa a bayanta kusa da ido. Nauyinsu zai sa ta kifa, tsininta ya kalli sama, ba za ta ƙara kama maka dutse ba. Ka naɗa ulu a jikinta sako-sako, ka bar ɗan jela tsawon farce, ka zagaye wuyanta da gashin ƙirjin fakara guda ɗaya. Kafin ka jefa, ka murje ta da lakar wurin, domin kifin nan yana jin warin sabulu da taba da alli.

Ka sa rana a gabanka, inuwarka ta faɗi bayanka. Ka taka kamar zalɓe, ba kamar mai zuwa kasuwa ba. Kifin da ke yawo kusa da sama, rabu da shi, ba ci yake ba. Wanda ya dasa kai a laka shi ne naka. Kada ka jefa masa a ka. Ka wuce shi da jifa, ka jawo a hankali har ƙudan ya zo taƙi ɗaya gaban bakinsa, sai ka saki ya nutse. Ba za ka ji ya ja ba. Wutsiyarsa za ka kalla, in ta yi rawa sau ɗaya ya matsa gaba, ka ɗaga sanda.

Wannan ke nan na ba ka. Ulun kuwa a'a.

Ni ban san fuskar uwata ba, ta rasu ina da kwana tara. Abin da ta bari da hannunta ya taɓa shi ne mayafin nan, ita ta kaɗa zaren, ita ta rina shi da saiwa da ɓawon itace. Ina kallo mutumin nan yana zare shi sili-sili yana ba kifi, har kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kowace Juma'a ni da Gwaggo muke hawa tudu mu zuba ruwa a kabarinta. Ka taɓa ganin ya taka wurin? Ko ran Idi, tafki yake wucewa. Ran da zan bar gida na faɗa masa a fuska cewa kifi ya fi masa kabarin matarsa. Ya ci gaba da naɗa zarensa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yanzu in na tuna ranar nan raina ɓaci yake.

Akwai jan ulu a kasuwar Laraba, ka saya. Kifi bai san na wa ba ne.

Ka dafa masa miyar harira marar yaji, yana son ta da ɗan tsami. Kada ka ce ni na faɗa.

Ƙanwarka,
Tuda

*

Tagzut ta Tudu, 29 ga Yuli, 1983

Ƙanwata Tuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na gode da takardarki. Na bi ta layi-layi kamar ɗan aji ɗaya.

Tafiyar zalɓe na iya, jifa ma ta fara kyau. Amma ulun kasuwa bai yi ba. In ya jiƙe sai ya yi ja wur kamar tumatir, yana zubar da rini, kifi ya matso ya gan shi ya juya da gudu, sauran su bi shi. Na tuna na Baba in ya sha ruwa duhu yake yi kamar tsutsar laka, ya nutse a hankali. Na gwada baƙi, na gwada ruwan ƙasa, na gwada gashin akuya. Kwana goma ban taɓa ko ɗaya ba.

Na lura da wani abu. Ranar da na kama na farko na sake shi, kwana biyu babu kifi ko guda a wurin, kamar wanda aka saki ya je ya gargaɗi 'yan'uwansa. Yanzu da babu mai tsorata su, sun fi hamsin. Kaburburan da aka kwashe mutanensu tun kafin ruwa ya zo ramuka ne cike da laka mai laushi, nan suke samun tsutsa. Amma daidai ƙasan farin dutse akwai wuri guda da bai lotsa ba, a daidaice yake, kuma can suka fi yi wa taro. Akwai wani babba a cikinsu, fari-fari, mai tsohon tabo a leɓe. Shi ba ya tono. Tsayawa yake a gefe yana fuskantar dutsen, ko na yi motsi ba ya gudu.

Baba ya rame, Tuda. Harira cokali uku ya sha ya ture. Hannunsa na hagu ba ya hutawa, yana ta jawo igiyar da babu ita a kan bargo.

Shekaranjiya ina ba shi labarin tafki don in ɗebe masa kewa, na ce kifayen sun fara haƙa rami a gefen wurin nan da bai lotsa ba. Sai ya yi wani irin gurnani, ya yunƙura zai tashi ya faɗi ƙasa. Wata guda bai furta kalma ba, amma ina ɗaga shi ya ce, "Ittu." Sunan mahaifiyarmu, sarai, sau biyu.

Gwaggo na tsaye da butar shayi. Ta ajiye ta a ƙasa, ta fita, ba ta dawo ba sai la'asar. Da ta dawo ta ce ran kasuwa za ta je wurin mai rubuta wasiƙa da kanta, ba ta son ni in rubuta mata. Abin da za ta gaya miki ta gaya mini jiya. Ban iya maimaita shi ba tukuna.

Allah ya sa mu ji alheri. Yayanki,
Bassu

*

Kasuwar Laraba, 3 ga Agusta, 1983

Daga Hadda 'yar Muha zuwa ga 'yar ɗan'uwanta Tuda. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara.

Salamu alaikum, 'yar birni. Ina gaishe ki, ko da yake ba ki cancanta ba. Ni na goya ki, ni na tauna miki buredi, don haka ki zauna ki ji, kada ki karanta wannan a tsaye.

Kabarin da muke zuba wa ruwa a tudu, babu kowa a ciki. Uwarki tana ƙarƙashin farin dutse, inda aka binne ta tun farko.

Shekarar da aka rufe madatsa, kowa ya tone matattunsa tun kaka ya hau da su tudu. Ittu ta rasu cikin sanyi, ƙanƙara ta toshe hanyar sama, aka sa ta a tsohuwar maƙabarta. Liman ya ce a bar ta ta cika kwana arba'in kafin a buɗe. Turawan madatsa kuma suka ce ruwa ba zai iso ba sai bayan girbin sha'ir. Kwana talatin da ɗaya da binne ta, ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙarar duwatsu, kogi ya taso gaba ɗaya. Bassu yana tudu tare da kakanninku da tumaki. Ni da ke muka rage a gidan ƙasa, kina fama da zazzaɓi, na hana a fita da ke cikin sanyi.

Ubanki ya sauko da hantsi da alfadari da magirbi da farin ƙyalle, zai ɗauko matarsa. Ya iso mararraba ya hangi ruwa ya kai tagar gidanmu. Maƙabarta na dama, mu muna hagu, mashigi kuma sawu ɗaya ya rage a ƙetare shi. Ya jefar da magirbin. A cikin ƙyallen da ya kawo wa uwarki ya naɗe ki, ya ɗora ni a alfadari, ruwa har ƙirjinsa. Da ya koma, wurin ya zama tafki.

Kin san bakin mutanenmu. Da sun ce ga wanda ya bar wa ruwa matarsa, ke kuma ki tashi ana nuna ki, ga wadda aka bar uwarta saboda ita. Kowa yana ta kansa ranar. Muka haƙa rami a tudu ni da shi, muka mayar da ƙasa, muka kafa duwatsu yadda ake kafa wa mace, muka ce ya kwaso ta tun jiya. Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba yana da baki. To yanzu ba shi da shi.

Da aka zuba kifin nan a tafki ya ga yadda suke tonon ƙasa, ya bi wani Bature mai aikin madatsa ya koyi sandar nan. Ya ce in ka kama ɗaya ka sake shi, sauran suna ƙaurace wa wurin. Ubanki ko ƙamshin kifi ba ya so, shashasha. Gadi yake yi. Na taɓa yi masa faɗa kan mayafin, ya ce mini, "Hadda, na gwada komai, nata kaɗai suke karɓa. Da kayanta nake tsare ta." Tudu kuwa, me zai je ya ce wa ramin da ya san babu kowa?

Ni na riƙa kai ki can don ki sami inda za ki yi kuka. In laifi ne, nawa ne, ki zo ki zage ni a gabana.

Gobe Bassu zai kai shi asibitin Beni Mallal a yi masa ƙarin ruwa. Tafki babu mai zuwa ke nan. Na gama. Mai rubutu ya ce takarda ta cika, ƙarya yake, ina ganin fili.

Gwaggonki,
Hadda

*

Tagzut ta Tudu, 11 ga Agusta, 1983

Dadda Bassu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya mai jiki? Zan ba direban motar kasuwa wannan ya kawo maka asibiti. Ka karanta wa Baba ta kunnen hagu, a hankali, kada ka tsallake komai.

Motar da na hau ta tsaya a Beni Mallal, ina hangen katangar asibitin, ban sauka ba. Ban san da wace fuska zan shiga ba, hannuna kuma babu warin da yake so ya ji. Na wuto gida. Gwaggo ta gan ni ta ce na yi baƙi na rame, sannan ta riƙe ni ta ƙi saki.

Baba, ni ce Tuda. Na zo da mayafin. Da hannuna na zare silin farko, na ɗaura guda shida a kan teburinka, da filayarka. Yatsuna ba su manta ba.

Jiya da safe na je tafki. Ruwa a wurin ya dawo gwiwa. Na cire takalmi na shiga, na bi laka da ƙafa har na taka dutse mai kaifi a tsaye, na matsa taku uku na taka na biyu, a karkace, yadda ake kafa wa mace. Na daɗe a tsaye tsakaninsu. Ramin da kifi suka haƙa yana gefen ƙafafu, bai kai zurfin kamu ɗaya ba, ban ga komai a cikinsa ba sai laka. Na kwaso tsakuwa a zanina sawu tara na cike shi. Na gaishe ta. Shekara talatin ina gaishe da ƙasa, jiya na gaishe da uwata.

Yau na hau farin dutse rana na gabana. Sun dawo, kusan ashirin. Na zaɓi wanda ya fi kusa da ita, na wuce shi da jifa, na jawo, na saki. Ulun ya yi duhu yana sauka. Wutsiyarsa ta yi rawa, na ɗaga. Ya ja ni har igiya ta ƙona mini yatsa, amma na kawo shi, na zare ƙugiya, na sake shi a wurin. Kafin in miƙe tsaye babu kifi ko ɗaya a kan maƙabartar, sai farin nan mai tabo. Ya tsaya yana fuskantata har rana ta yi zafi, sannan ya juya.

An yi ruwa a kan duwatsu kwana biyu, tafki ya daina ja baya. Masu koma sun ce zai fara hawa. Ba za ta fito fili ba ke nan, ba za mu iya ɗauko ta ba. Na aika wa masaƙa cewa kada su jira ni. Abin da ya rage na mayafin, in ana tattali, zai kai shekara arba'in.

Maganar da na faɗa maka ran da zan tafi, Baba, ka yafe mini. Na shafa hannuna a ƙasan takardar nan kafin in wanke shi. Dadda, ka kai masa hanci. Ka ce ya ci abinci, akwai mai gadi.

'Yarka,
Tuda

*

Beni Mallal, 14 ga Agusta, 1983

Tuda,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso jiya. Na karanta masa sau biyu. Ya karɓe ta ya ɗora a fuska, ya daɗe haka, hannunsa ya daina jan bargo. Da na ambaci yafiya ya gyaɗa kai. Ya sha harira rabin kwano, ya yi barci. Yau da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai kawo miki wannan zai riga mu isowa. Ki gaya wa Gwaggo da liman a buɗe kabarin tudu, a juya duwatsun irin na namiji. Daga can ana hangen farin dutse.

Za mu iso gobe da azahar. Ki je tafki da safe tukuna, za mu jira ki.

Yayanki,
Bassu